Sake Ɗura Harsashi Ba Aikin Ƙiyasi Ba Ne

A Amurka akwai mafarauta da masu gasar harbi da ke tattara kwanson harsashin da suka harba, su sake zuba masa albarushi su ɗora sabon kai. Sun daɗe suna muhawara a kan matse bakin kwanso bayan an ɗora kan: yana gyara saiti ne ko yana ɓata shi?

Masu gasar harbin nesa galibi ba sa matsewa. Riƙon da wuyan kwanso ke yi wa kan ya ishe su, muddin kowane harsashi zai fita da ƙarfi iri ɗaya. In matsewar ta wuce kima, kan harsashin yakan lotse, ya kauce wa inda aka auna. Amma ga bindiga mai tsananin jijjiga, ko wadda harsasai ke jere cikin bututu wani na tokare da wani, matsewa kariya ce. Idan kan ya nutse cikin kwanso, gurbin albarushi ya ƙuntata, ƙarfin fashewar sai ya hauhawa, har bindigar ta iya tsagewa a hannun mai ita.

Mutanen nan da ma'auni da littafin ƙa'ida suke aiki, duk da haka sukan yi kuskure. To ina ga wanda ke ɗuri da ido? Mafi haɗari shi ne a farke harsashin kamfani a juye garinsa cikin bindigar toka. Albarushin zamani marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, ya fi baƙin albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba. Bututun da maƙeri ya haɗa ba zai ɗauke shi ba. In ya tarwatse, yatsu da idanu ne ke fara tafiya, wani lokaci har da rai.

Ga kuma doka. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ko harsashi ba tare da lasisi ba, ta kuma hana ƙera su sai da izinin hukuma.

Muna kira ga sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta su ja kunnen yaransu. Harsashin da ba a san wanda ya ɗura shi ba, ko wanda kansa ya nutse, ko kwansonsa ya tsage, kada a sa shi a bindiga.