Yaron da ke ƙin sabon abinci

Ranar awo, maganar da uwaye suka fi kawo mana ita ce: "Ba ya cin komai sai fura." Wata ta ce nata kunu kaɗai yake sha. Wata ta ce in ta ba shi miyar ganye sai ya tofar, ya yi ta kuka har a miƙa masa nono. Uwa, in haka ɗanki yake, kada ki ce baki ne ya kama shi, kada kuma ki yi saurin cewa taurin kai ne. Yara da yawa suna bin wannan hanya. Sai dai akwai ƙin abinci na halin ƙuruciya, akwai kuma na ciwo. Na fari haƙuri yake so, na biyu kuwa asibiti.

Me ya sa yake ƙi?

Jinjiri ɗan wata shida ko bakwai, duk abin da hannunsa ya kama sai ya kai baki, har ƙasa da takalmi. Da ya fara tafiya da ƙafarsa, wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, sai hali ya sake. Abin da bai saba gani a ƙwarya ba sai ya riƙa kallonsa kamar baƙon da ya shigo gida ba sallama. Wannan hali yakan kai shekara biyar ko shida kafin ya lafa. Akwai tsaron Allah a ciki, domin yaron da ya iya tafiya yana iya zagayawa bayan gida ya tsinki ƴaƴan zaƙami ko na cin-da-zugu. Harshensa kuma ya fi naki jin ɗaci. Ganyen da ke kike jin daɗinsa, shi a bakinsa kamar maɗaci ne.

Ga kuma wani dalili. A shekararsa ta fari yaro yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku. A ta biyu kuwa kilo 2 zuwa 3 kaɗai yake ƙarawa. Tun da girman ya rage sauri, yunwar ma ta ragu. Cikinsa kuma ƙarami ne, bai wuce dunƙulen hannunsa da yawa ba. In kin cika shi da tsararon fura da hantsi, ina wake zai sami wuri da rana?

Gwaji ɗaya ba ya isa

Masu binciken cimakar yara sun gano cewa yaro yakan bukaci a ba shi sabon abu sau 8, sau 10, wani har sau 15, kafin ya karɓa. Uwaye da yawa kuwa sau biyu ko uku suke gwadawa, sai su yanke hukunci: "Ba ya son kabewa." Daga nan kabewa ta bar ƙwaryarsa ke nan har ya girma, alhali bai gama saninta ba.

Ki ba shi kaɗan, bakin cokali kawai, kusa da abin da ya riga ya saba. Ki zaɓi lokacin da yake jin yunwa, ba lokacin da barci ya kama shi ko ya gaji da kuka ba. In ya lasa ya tofar, ba hasara ba ce, harshe ya fara gaisawa da abin. Ki ɗauke ba faɗa, bayan kwana biyu ki sake kawowa. In ya sa hannu ya dama, ya shafa a fuska, ki ƙyale shi, muddin kin wanke masa hannu da sabulu. Yaro da hannu yake fara sanin abinci kafin baki.

Wani lokaci ba abincin yake ƙi ba, kamanninsa yake ƙi. Wanda ya ƙi kwaɗon zogala, ki shanya ganyen a inuwa, ki daka, ki tankaɗe, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya a kununsa. Wake ki jiƙa, ki surfe, ki dafa ya yi lugub, ko ki yi masa ƙosai. Fara ki cire mata ƙafafu da fukafukai ki mai da ita gari, haka ma busasshen kifi bayan kin tsince ƙaya. Garin ƙuliƙuli da ɗan mai suna ƙara wa kunu ƙarfi. Kunun kuma ya yi kauri, wanda in an karkata cokali ba ya tsiyaya kamar ruwa. Gujiya ɗai-ɗai kuwa kada ki ba ƙaramin yaro, tana iya maƙale masa a maƙogwaro. Zuma ma sai ya cika shekara.

Abin da ya fi duka aiki shi ne ya ga kina ci. Ki zauna gabansa ki ci abin nan da daɗi, yayyensa su ma su ci. Ke mai goyo, ƙamshin abin da kike ci yana ratsawa cikin nononki, don haka uwar da ke cin ganye iri-iri ta fara koya wa ɗanta tun bai kai wata shida ba. Amma ki zuba masa nasa a ƙwaryarsa dabam. A akushin taro manyan yara sun fi shi saurin hannu, kafin ya gama shawara an suɗe, ke kuma ba ki san abin da ya shiga cikinsa ba.

Ɗura

Nan za mu ɗan tsaya, domin nan ne rai yake. Mun san yadda ake yi: a kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, in ya buɗe don ya sami numfashi sai kunu ya wuce. Iya da kaka da suke yin haka ba mugunta ce ta sa su ba, tsoro ne kada jikansu ya rame. Amma hanyar abinci da hanyar iska maƙwabta ne a maƙogwaro. Yaron da ke kuka yana haƙilon numfashi, kunu yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. Wani nan take ya shaƙe. Wani kuma bayan kwana ɗaya ko biyu zazzaɓi da tari da saurin numfashi su taso, a kawo shi da ciwon huhu. Wanda ya tsira ma ya koyi abu guda: ƙwarya abin tsoro ce. Gobe da ya hango ta zai fara ihu.

Ke matar gida, in faɗa wa surukarki wannan ya yi miki nauyi, ki zo da ita ranar awo mu yi magana tare. Tsawa da duka su ma ƴan uwan ɗura ne. Kuma don Allah a daina cewa "ci ko a kai ka a yi maka allura". Mu ne muke shan wahalarsa ranar da ya zo rigakafi. Alewa da biskit da lemun kwalba da shayi kafin abinci kuma suna kashe yunwa ba su gina jiki.

Maigida, ga naka

Da damina zabi suna zuba ƙwai, a kwashe duka a kai kasuwa, yaron gida ko ɗaya bai ɗanɗana ba, wai ƙwai yana sa yaro sata. Ƙwai ba ya koya wa kowa sata. Yana cikin abubuwan da suka fi gina jikin yaro, kuma tun daga wata shida ana iya ba shi in an dafa ya nuna sosai an murje. Ka rage ko guda biyu uku a gida. Ranar kasuwa, tsiren da kake ci kai kaɗai a tsaye, ka rage kuɗinsa ka sayo ƴar hanta a kawo gida.

Mu manya ma muna da namu tsarin. Akwai maigidan da in ba tuwon hatsi da miyar kuka ba, cewa zai yi bai ci abinci ba, yaro kuwa yana kallo. Amma ku tuna, masara da rogo da gujiya da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito. Shekara 600 da suka wuce ba wanda ya san su a ƙasashenmu. Wata kaka ce ta fara yarda ta jefa tonka a tukunya. Awara ma jiya-jiya ta shigo, yau ga ta a kowace kasuwa yara suna layi. Ku matan zumunta, in kun taru, ku dafa sabon abu tare, ku zo da yaran su ci a wuri ɗaya. Abin da yaro ya ƙi a hannun uwarsa sau da yawa yakan karɓa in ya ga sa'o'insa suna wawaso.

In ba hali ba ne, ciwo ne

Mai tsarin abinci yana ƙin wannan ya ci wancan, yana wasa, yana dariya, nauyinsa a katin awo yana hawa. Wanda ya ƙi har abin da yake so, ko ya ƙi nono, wannan ba tsari ba ne. Ki buɗe bakinsa ki duba ko akwai farin abu a harshe ko ƙuraje. Ki duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa, in sun yi fari, jini ne ya yi ƙaranci. Zazzaɓin cizon sauro da zawo da tsutsar ciki duk suna kashe cin abinci.

Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku, ki ɗaga. In ramin ya zauna, kumburin tamowa ne, ko da kumatunsa sun cika kamar mai ƙiba. Haka in gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko igiyar awon damtse ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi. Wannan yaro ba a jira da shi ranar kasuwa ko a gama noma. Ku kawo shi yau, ku riƙo katin awonsa, a hanya kuma ki ci gaba da ba shi nono.