Alli a hannu, ɗalibai na kallo: Yadda ake intabiyun neman aiki a cibiyoyin lesin na Sabon Tasha

Duk wanda ya bi titin Kachia daga cikin garin Kaduna, ya ratsa Sabon Tasha, zai ga allunan talla a jikin shaguna da saman benaye: ana shirya ɗalibai domin JAMB, WAEC da NECO. Ƙarƙashin wasu daga cikinsu akan manna wata 'yar takarda mai cewa ana neman malamin Lissafi, ko na Turanci, ko na Kimiyya. Wannan takarda ita ce ƙofar aiki ta farko ga ɗimbin matasan da suka gama karatu, suka yi bautar ƙasa, suka dawo gida suna jiran aikin gwamnati da bai zo ba.

Sabon Tasha tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, kuma nan ne mashigar Kudancin Kaduna. Daga nan motoci ke ɗaukar fasinja zuwa Kachia, Zonkwa da Kafanchan, a nan kuma suke sauke masu shigowa birni neman na kansu. Cikin masu saukar akwai waɗanda suka fito daga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan. A da, masaƙun Kakuri da Matatar Mai ta Kaduna ne ke haɗiye irin waɗannan hannaye. Masaƙun sun daɗe da rufewa, matatar kuma ta shafe shekaru ba ta tace mai. Koyarwa ce ta rage, musamman ta cibiyoyin lesin, wadda ba ta buƙatar sanin wani babba.

Takarda ba ta koyarwa

Wanda ya saba da tsarin ɗaukar aiki na Abuja, inda ake cika fom a intanet a jira kira wata da watanni, zai yi mamakin saurin abin a nan. Sau da yawa mai cibiya shi ne shugaba, shi ne akawu, shi ne kwamitin ɗaukar ma'aikata. Zai duba takardun mai neman aiki cikin 'yan mintuna, ya ajiye su gefe, ya miƙa masa alli ko maka, ya nuna masa aji. Ainihin intabiyun a gaban allo ake yin sa, ɗalibai na kallo.

Wannan rashin dogaro da takarda yana da tushe a jihar. A shekarar 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin 75 cikin 100 da aka gindaya ba, ta sallame su duk da yajin aikin da ƙungiyar malamai ta NUT ta yi. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357. Har yau ana jayayya kan adalcin wannan mataki, amma ya bar tabo guda a zukatan iyaye: ba duk mai riƙe da shaidar karatu ne ya iya abin da ke rubuce a kanta ba. Mai cibiya ya san haka, kuma ya san cewa idan malami bai gamsar ba, ɗalibai za su kwashe littattafansu su koma cibiyar da ke tsallaken titi.

Abin da ake aunawa

Abu na farko shi ne sanin darasi ba tare da leƙen littafi ba. Akan zaro tambaya daga jarrabawar shekarun baya, a ce ya warware ta, sannan ya bayyana dalilin da ya sa sauran amsoshi uku ba daidai ba ne. Wanda ya haddace amsa kawai, a nan yake tuntuɓe.

Na biyu shi ne sauri. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta. Ɗalibi na amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga darussa uku. Wato daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Malamin da zai cika allo da doguwar hanya, komai ingancinta, bai biya buƙatar wannan ɗalibi ba. Shi ya sa tambayar ko mai neman aiki ya iya sarrafa kwamfuta ta zama dole, musamman da yake WAEC ma ta fara gwada wannan tsari a 2024 ga masu zana jarrabawa daga waje.

Na uku shi ne harshe. Aji guda a Sabon Tasha na iya haɗa ɗan Gbagyi, Bajju, Atyap, Ham, Adara, Igbo da Bayarabe. Da Turanci ake jarrabawa, amma Hausa ce ke haɗa yawancinsu a kasuwa da cikin mota. Malamin da ya san lokacin da zai sauko da jimla ɗaya cikin Hausa don warware ƙulli, ya koma Turanci nan take, ya fi wanda ya manne wa ɗaya.

Na huɗu shi ne riƙon aji. Yawancin ɗaliban ba yara ba ne. Wasu sun zana JAMB sau biyu ko uku, wasu suna sana'a da safe su zo da yamma a gajiye. A sakamakon farko da aka fitar a 2025, sama da mutum miliyan 1.5 cikin fiye da miliyan 1.9 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ire-irensu ne ke cika bencin, kuma wanda ya taɓa faɗuwa ba ya jure raini.

Tambayar da ba a rubutawa

Akwai wata tambaya da kan zo a kaikaice a wasu wuraren: shin malam zai iya "taimaka" wa yara ranar jarrabawa? Cibiyoyi da yawa suna aikinsu tsakani da Allah, amma kowa ya san labarin wuraren da ake sayen sakamako. Dokar Satar Jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, kuma malami ba ya cikin waɗanda ta ɗauke wa. Matashin da ke burin shiga aikin gwamnati gobe, ya kamata ya san cewa amsar da ya bayar a wannan lokaci na iya bin sa har ƙarshen aikinsa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Shi ma mai neman aiki ya yi nasa intabiyun

Inda matasa suka fi cutuwa shi ne wajen kuɗi. Murnar samun aiki kan sa su tashi ba su tambayi komai ba. Alhali a Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na N70,000, Jihar Kaduna ta sanar da N72,000 ga ma'aikatanta, alawus ɗin masu bautar ƙasa kuma ya kai N77,000 a 2025. Sai dai dokar albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ba ta rufe masu aikin wucin gadi ba. Kusan duk cibiyoyin lesin sun faɗa cikin wannan giɓi. Saboda haka wanda ya gama bautar ƙasa na iya tsintar kansa yana karɓar abin da bai kai alawus ɗinsa na jiya ba, ga kuɗin Keke Napep da ya ninka tun cire tallafin mai a Mayun 2023.

Don haka kafin a ce an amince, akwai tambayoyin da ba rashin kunya ba ne. Da wata ake biya, ko da awa, ko bisa yawan ɗalibai? Wace rana ake biya? Me zai faru bayan an gama JAMB da WAEC, lokacin da aji ke zama fayau? Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Takarda mai shafi ɗaya ta fi alƙawarin baki. Kuma kada a miƙa wa kowa ainihin takardar shaidar karatu a matsayin jingina; kwafi ya isa.

Ga ma'aikacin tarayya da ya bar iyalinsa a Unguwan Boro ko Narayi, yana zuwa ƙarshen mako, batun ya shafe shi ta fuska biyu. Shi ne ke biyan kuɗin lesin ɗin 'ya'yansa, wataƙila kuma ƙaninsa ne ke tsaye gaban allon. Idan kuma yana tunanin buɗe tasa cibiyar, ya tuna cewa Kundin Tsarin Mulki ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci in ba noma ba.

Hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar malamai, kuma NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. Amma a ɗakunan lesin na Sabon Tasha, mai cibiya da ɗalibansa ne ke yanke hukunci cikin minti goma sha biyar. Uban da zai biya kuɗi yana da haƙƙin tambayar yadda aka ɗauki malamin ɗansa, da kuma ko ana biyansa a kan kari. Malamin da ke bin bashin wata biyu, rabin hankalinsa ne kawai ke cikin aji.