Kwana Uku A Zariya: Inda Waya Ta Taimake Ni Wajen Zumunci, Da Inda Ta Kunyata Ni

Hutun kwana uku na samu a wurin aiki a Abuja, na ce bari in leƙa gida Zariya. Duk wanda ya tashi a babban gida ya san kwana uku ba su isa komai ba. Kaka tana Tudun Wada, Goggo tana cikin birni, Kawu yana Samaru, ga 'ya'yan Baffa a Sabon Gari. Ka shiga gida ɗaya ka tsallake ɗaya, labarin zai riga ka isa tasha.

Kuskurena na farko tun ban bar Abuja ba na yi shi. Na rubuta a guruf ɗin dangi na WhatsApp cewa ina tafe ranar Juma'a. Yara suka yi ta turo alamun murna, ni kuwa na ɗauka na gama sanarwa. Ashe Goggo ba ta karanta boko, a bakin jikarta ta ji, kuma ba ta ji daɗin hakan ba. Manya ba a haɗa su da yara a sanarwa ɗaya. Ka kira su, ko ka tura wa kowa saƙon murya nasa daban, da gaisuwa cikakkiya kafin batun zuwa.

Batun hanya kuma, na sauke taswirar Zariya a Google Maps tun ina da data mai ƙarfi, don ta yi aiki ko babu sabis. Ta yi amfani a manyan tituna, amma lungunan cikin birni sun fi ƙarfinta. Abin da ya fisshe ni shi ne ƙanena ya tsaya a ƙofar gidan Goggo ya turo mini wurin ta WhatsApp. A kan hanya kuma na kunna nuna wurin da nake kai tsaye, wanda ake iya sa wa minti 15, awa 1 ko awa 8. Yayana kaɗai na tura wa. Ba abin da ake zubawa a guruf mai mutum saba'in ba ne, musamman ga mai bin hanyar Kaduna.

Fawa bank mai 20,000mAh na ɗauka. Kada lambar ta ruɗe ka, wani kaso na wutar yana ɓacewa wajen caji, don haka waya mai batir 5,000mAh da wuya ta cika sau uku. Kuma da zarar an ɗauke wuta, ya zama na gida gaba ɗaya. Ka riƙe igiyar caji mai ƙaramin baki irin ta da, domin wayar Kaka ba ta san Type-C ba.

Abin da na fi jin daɗinsa ya faru ne a ɗakin Kaka. Ta fito da tsofaffin hotuna daga ƙasan adaka, wasu har sun fara cin gefe. Na ɗauke su da manhajar PhotoScan ta Google, wadda ke ɗaukar hoto sau da yawa ta haɗa su don kawar da ƙyallin haske. Sannan na nemi izininta na naɗi muryarta tana faɗin sunan kowa da yadda muka haɗu da shi. A nan na gano mutumin da nake kira Kawu tun ina yaro, ɗan aminin kakanmu ne da aka riƙe a gidan. Babu wanda ya taɓa gaya mini. Hotunan na raba wa 'yan uwa ta Xender, ba a ci datar kowa ba. Waɗanda ke nesa na tura musu a matsayin fayil, saboda WhatsApp yana rage ingancin hoto idan aka tura shi kai tsaye. Hoton matan gida kuwa ban sa a status ba sai da na tambaye su, biyu suka ce a'a.

A gidan Kawu na sha kunya. Yana ba ni labarin ciwon ƙafarsa, waya ta yi ƙara, ido na ya sauka a kanta. Ya yi shiru, ya ce, "Sallami baƙonka tukuna, ɗana, ni ina nan." Ban san lokacin da na kife ta ba. Daga nan duk gidan da zan shiga sai na kunna Do Not Disturb, na bar lambar Mama kaɗai ta iya shigowa.

Duk da haka gidan Inna a Wusasa ya kuɓuce mini. Na kira ta ta bidiyo daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ina ba da haƙuri. Ta ce ta ji, amma zumunci a ƙafa yake, kuma dambun naman da ta ajiye mini ta ba ƙanena.