Gubar Dalma da Diyyar da Ba Ta Isa Bakin Rami

A watan Disamban 2010 aka sa hannu a kan Dokar Diyyar Ma'aikata ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Cikin shekarar ce kuma gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Har yau dokar da bala'in kamar ba su san juna ba.

A takarda dokar ba ta da laifi. Mai ɗaukar aiki zai riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, daga nan a biya wanda ya ji rauni ko ya kamu da cutar sana'a, ba sai an je kotu ba. Ta ma haɗa da ɗan ƙodago da yaron koyon aiki.

To amma wa ke shaƙar dalmar? Da farashin zinare ya yi tashin gwauron zabo, manoma a Dareta da Bagega suka koma haƙar zinare. A lokacin ana kawo duwatsun, masu ɗauke da dalma, cikin gida, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, ƙura ta kwanta a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Mai haƙar nan ba shi da takardar albashi, dillalin da ke sayen zinarensa kuwa ba zai taɓa kiran kansa ubangidansa ba. Yaran da suka rasu ma ba ma'aikata ba ne. Haka aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Yaron da ke fasa tsohon batirin mota mai dalma da hannu a bakin kasuwa, shi ma layinsu ɗaya.

Ga kuma halin cutar kanta. Wanda inji ya datse wa yatsa yana da rana da shaidu. Dalma a hankali take ci: ciwon ciki, kasala, mantuwa, hawan jini, daga baya ciwon ƙoda. Sai a ce shawara ce ko sammu, a yi ta jiƙe-jiƙe. Gwajin jini kaɗai ke tona ta, shi kuwa ba a kowane asibiti ake yin sa ba, kuma ba tare da shi ba babu hujjar neman diyya.

A ganina illar da ta fi muni ita ce wadda ba a lissafawa. Muddin cutar ba ta jawo wa mai cin ribar asarar ko sisi ba, ba zai kashe kuɗi kan niƙa da ruwa ko kayan kariya ba. Nauyin sai ya faɗa kan matar da ke jinya, da ƙungiyoyin agaji irin su MSF da suka shafe shekaru suna yi wa yaran Zamfara magani.