Kwamfuta ta daskare ana kwafi? Kada ka yi gaggawar kashe ta

A shagunan buga takardu na cikin garin Rano da Kibiya, da wajen masu ɗaukar bidiyon biki, akwai matsalar da kusan kowa ya sani. Mai shago zai jona filash ko babban faifan ajiya don ya kwashe aikin wata guda ya adana. Kwafin zai fara da gudu, can sai linzami ya ƙi motsi, allo ya ƙame, ga ɗalibi a tsaye yana jiran takardarsa. Abin da aka fi faɗa shi ne bairos ya shiga, a kai kwamfutar fomatin. Sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Kwamfuta ba ta zuba bayanai kai tsaye cikin filash. Tana fara tara su a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wato RAM, saboda ita ce mai sauri, sannan ta riƙa tura su sannu a hankali. Kamar buhunan masara ne a wajen mai injin niƙa: ana saukewa fiye da yadda injin ke ci, har su toshe ƙofa. Idan fayilolin kwafi suka cika RAM, sai a ture sauran manhajojin da ke buɗe zuwa faifan cikin kwamfutar, wanda shi ma yana fama da karanto abin da ake kwafa. Duk abin da ka danna sai ya bi layi.

A tsarin Linux, yawanci ana barin bayanan da ba a rubuta ba su kai kusan kashi 20 cikin 100 na ƙwaƙwalwar. A kwamfuta mai gigabait 8, wannan ya kai wajen gigabait ɗaya da rabi. Filash mai araha da ke rubuta megabait 10 a daƙiƙa zai ci kusan minti uku kafin ya shanye. Ko a 2013 masu gina Linux, har da Linus Torvalds, sun tattauna wannan matsala. Tsofaffin kwamfutoci 'yan Kwatano masu Windows da RAM gigabait 4, waɗanda suka fi yawa a wajenmu, su ma ba su tsira ba.

Gane matsalar ba wuya. Duba 'yar fitilar filash ɗin: in tana ƙyaftawa, aiki ake yi. In Task Manager na Windows ya buɗu ka ga faifai a kan kashi 100, to cunkoso ne.

Babbar ɓarna ita ce danne maɓallin kashewa ko fizge filash, domin abin da ke cikin RAM yana ɓacewa da zarar wuta ta ɗauke, ka zauna da fayil rabi kana zaton ka adana. Don kauce wa matsalar, rufe manhajoji kafin ka fara, kwafa kashi-kashi, kuma ka bari sai an tashi daga shago, muddin batir ko sola za su riƙe. Mai hali ya ƙara RAM ya sa faifan SSD; ya fi kuɗin fomatin amfani.