Ina Kare Zai Tsaya a Sabbin Unguwannin Damagaram?

Wanda ke fita sallar asuba a sabbin unguwannin bayan gari a Damagaram ya saba da su: karnuka biyar ko shida suna dawowa daga juji, suna ratsa kangayen da ba a gama ginawa ba. Da yawansu suna da masu su. Na gadi ne ko na farauta, an sake su da dare su nemi abin da za su ci. Yaro mai tafiya lakwal shi ke haɗuwa da su a hanya.

Garinmu ya san darajar shinge. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ƴan fatake kuma da raƙumansu suka sami masauki a Zango. Dabba tana da wurinta, mutum yana da nasa. Yau gari ya wuce Sabon Gari da Garin Malam nesa, ana ta yanka filaye ana kafa bulo, amma da wuya ka ji an tambayi inda kare zai tsaya.

A Berkeley ta jihar Kalifoniya a Amurka, mazauna wata unguwa sun ware fili a 1979 domin karnukansu su yi gudu ba igiya, kuma shi ake ɗauka a matsayin na farko irinsa. Su shaƙatawa suke nema. Buƙatarmu ta fi tasu nauyi, domin ciwon haukan kare muke fama da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, sai dai haƙuri. Abin takaicin shi ne rigakafinsa na nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya gwada shi a kan wani yaro a Faransa, yaron ya rayu. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar na daina yawo. Zuba guba a juji ba ya kai wa ga haka. Yakan kashe har karen da aka yi wa allura, kafin shekara kuma wasu sun cike gurbin.

To, ina likitan dabbobi zai sami karnukan? Gida-gida ba zai iya ba. Nan ne amfanin killataccen fili yake: wuri guda sananne a unguwa, inda mai kare zai kawo shi a yi masa allura, a rubuta sunan mai shi, a ɗaura masa shaida a wuya, ya kuma sake shi ya motsa jiki ba tare da ya firgita kowa ba.

Tsarinsa yana son tunani. Karen farauta na ƙasarmu doguwar ƙafa gare shi, gajeren shinge wasa ne a wurinsa, kuma cikin rairayi yana iya tona ƙasa ya fice, don haka sai an binne gindin wayar ko an yi mata tushe da siminti. Ƙofa biyu ake yi a jere, a rufe ta farko kafin a buɗe ta biyu. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, saboda haka inuwar dogon yaro da kwamin ruwa dole ne, ko da yake duk ɗan Damagaram ya san tsadar ruwa a garin nan. A nisanta filin da masallaci da makaranta da rijiya. A gefe guda a gina ƴan ɗakuna na daban, inda za a tsare karen da ya ciji mutum kwana 10 ana lura da shi. Shi kuwa wanda aka ciza ba zai jira ba: a wanke ciwon da ruwa da sabulu minti 15, a garzaya asibiti.

Wasu za su ce kare ƙazanta ne, bai cancanci fili ba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun san cewa an halatta riƙe shi domin farauta da kiwo da tsaron gona, kuma wanda ya riƙe dabba, ci da shanta da hana ta cutar da maƙwabci suna wuyansa. Mafarauta su ne za su fi saurin gane wannan, domin suna kiran karnukansu da suna, sun san halin kowane ɗaya. Da su ya kamata a fara shawara, tare da masu unguwa da samarin fada da za su iya riƙe makullin wurin da share shi.

Filin ne kawai ba ya jira. In ba a sa shi cikin taswira ranar da ma'aikatar magajin gari ke yanka filaye ba, bayan damina biyu za a tarar da gini a kai. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kuma ina fata kafin ta zagayo a sami unguwa ɗaya da ta kafa turakunta.