Yadda ake ɗaukar hoton tsuntsayen ruwa a Dagona

Da yawanmu mazauna Legas da Ibadan da Fatakwal mun san balbela, don duk inda shanu suke a kara tana biye da su. Amma kaɗan ne suka san cewa a Jihar Yobe, cikin ƙaramar hukumar Bade, akwai wurin da aka keɓe musamman domin tsuntsayen ruwa. Sunansa Dagona, yana cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Chad Basin.

Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A lokacin ne tsuntsaye ke gudo wa sanyin Turai, su tsallako Sahara su haɗu da na gida irin su dinya, kirinjijiya, zalɓe da jinjimi.

In ka je, fara neman izini wurin ma'aikatan gandu, ka ɗauki ɗan rakiya. Ka fita da sassafe ko bayan la'asar, rana ta kasance a bayanka. Hoton tsakar rana fari fat yake fitowa, ga hazo yana ƙara dusashe shi. Farar shadda kuwa a bar ta a gida, a sa kaya masu launin ƙasa.

Tsuntsu kamar saniya mai tsoro yake, in ka nufo shi kai tsaye sai ya tashi. Ka bi ta gefe a hankali, ka tsuguna, ka jira. Hoton da aka ɗauka daidai da tsayin idon tsuntsu ya fi kyau nesa ba kusa ba. Mai waya kada ya yi ta jawo hoto da yatsa, lalacewa yake yi. Gara ka ɗora idon kamarar a kan madubin hangen nesa, ka kashe filasha da ƙarar waya, ka ɗauka da yawa a jere ka zaɓa.

Don Allah kada ka jefa dutse wai su tashi ka samu hoto. Baƙin nan kitse suke tarawa na komawa gida, kowace firgita tana rage musu guzuri. Sheƙa ma a yi nesa da ita.

To me ya sa abin ya dame mu? Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Ruwan da tsuntsu ke nema shi ne na masunci da manomin shinkafa da makiyayin da muke sayen shanunsa. Hoto mai kwanan wata da sunan wuri shaida ne na yadda fadama take a bana.

Kafin ka samu zuwa gida, mutanen Legas ga gandun Lekki nan kusa, a je a gwada hannu.